Zuciyar Aro

Matuƙan jirgin sama na wannan kamfani ba su cika tsoron hadari ba, kuma an koya musu abin da za su yi idan inji ɗaya ya mutu a sararin samaniya. Abin da ke kaɗa musu hanta wata gajeriyar mata ce mai farar riga da tabarau a kan hanci, wadda ke aiki a ɗaki na uku a asibitin kamfanin, bayan rumfar gyaran jirage. Su Mai Waya suke kiranta. A gidansu kuwa Auta ce, ko da yake ta haura arba'in da biyar, har ta aurar da 'ya.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aiki guda. Duk matuƙin da ya manyanta, kowane wata shida sai ya zo an duba shi kafin a sabunta masa takardar lafiya, kuma in babu wannan takarda ko ƙofar jirgi ba zai taɓa ba. Ido na wani ma'aikaci ne, kunne na wani, jini na wani. Zuciya ce rabon Mai Waya. Za ta ce wa mutum ya tuɓe riga, ta ɗauki reza ta aske gashin ƙirjinsa a inda ya kamata, ta goge da auduga, ta manna ƙananan filastoci masu maɓalli, ta maƙala musu wayoyi. Daga nan sai ta ɗora shi kan injin gudu, wato wata shimfiɗar roba da ke zamewa a ƙarƙashin ƙafa, mutum ya yi ta gudu yana haki bai je ko'ina ba, takarda kuma tana fitowa da zanen bugun zuciyarsa. Likita ke sa hannu, amma ita ke fara karantawa. Likitoci huɗu sun zo sun same ta, uku sun tafi sun bar ta.

Ba ta da haƙuri, kuma ba ta taɓa yi wa kowa ƙaryar tana da shi ba. Idan kyaftin mai zare huɗu na zinare a kafaɗa ya tsaya a gabanta yana shanye tumbi, sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Saki cikinka, ranka ya daɗe, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ni ba wando zan ɗinka maka ba."

Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne ɗabi'arsu. Wata biyar da rabi mutum yana zaune a kujera, yana ɗirkar kofi kamar ruwa, yana kwana a otal-otal yana cin abin da ya ga dama. Saura mako biyu a duba shi, sai ka gan shi a ɗakin motsa jiki da sababbin takalma, ya bar gishiri, ya bar sukari, yana gudu kamar an biyo shi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to su a ranar ma suke neman inda za su shuka duman. Suna kuma da wata doka da ba a rubuta ba, wadda babba ke raɗa wa ƙarami tun ranar farko: likita ba abokin hira ba ne. Jiri, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, duk ka gaya wa matarka in ka ga dama, amma kada ka gaya wa mai biro, don abin da ya rubuta ba ya gogewa.

Mijinta ne ke karɓar waɗannan 'yan gudun mako biyu. Tsohon soja ne, kamfani ya ɗauke shi ya riƙa motsa wa matuƙa jiki, kowa Koci yake ce masa, har da ita. Shekarunsa hamsin da huɗu amma cikinsa a shafe kamar faranti. Kullum da sassafe sai ya zagaye katangar filin jirgi a guje, ƙarfe biyar na yamma kuma ya ja matuƙa su hau matakalar tsohon ginin ajiye motoci, hawa bakwai, sau biyar. Bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Ita kanta ba ta taɓa manna masa waya ba, don dokar dubawa ba ta hau kansa ba, kuma in ta kawo maganar sai ya daki ƙirji ya ce, "Wannan injin? Ajiye wayoyinki ga masu tumbi." Aibinsa ɗaya, bai iya cewa a'a ba. Ta sha gaya masa cewa wata rana a'ar da ya kasa faɗa za ta ja musu abin da ba su shirya ba, shi kuwa sai dai ya yi dariya.

Sai kuma yayanta. Babansu mai facin taya ne a bakin hanyar filin jirgi, ya haifi shida, na farin ya zama matuƙi, tun daga ranar kuwa gidan ya koma yana juyawa a kansa. In Yaya yana barci ba a kunna rediyo, ba a bari yaro ya yi kuka. Hotonsa da hular aiki na rataye a ɗakin Inna, sama da agogo. Da Baba ya rasu shi ya tsaya a matsayin uba, shi ya ba Koci auren Auta. Shi ya sa Koci ba ya zama sai Yaya ya zauna, in kuma Yaya ya miƙe zai tafi, zumbur yake tashi ya raka shi har mota ya buɗe masa ƙofa. Auta tana son yayanta, wannan ba a musu. Amma ta san ƙirjinsa fiye da yadda ta san fuskarsa. Shekara goma sha takwas tana ajiye zanen zuciyarsa a fayil. Ta san tana buga tamanin a minti in yana zaune, ta kuma san wata 'yar ƙugiya da zanen ke yi a layi na biyu, kamar yadda ake gane rubutun hannun mutum.

A zuwan da ake magana yana da shekara hamsin da bakwai, saura uku ya ajiye aiki da girmansa. Yana kan injin gudu, a minti na bakwai, sai zuciyar ta yi tuntuɓe: bugu ɗaya ya shigo kafin lokacinsa, can kuma wani. Likita ya duba ya ce ba lallai ne wani abu ba ne, mutane da yawa suna da irinsa, amma dai sai an rataya masa magulmaciya. Haka matuƙa ke kiran wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, wadda ake ɗaura wa mutum a ƙugu da wayoyi biyar a ƙirji, ya tafi da ita gida yini da kwana, tana naɗe kowane bugu, yana barci ko yana farke. Ana haɗa masa da kati ya riƙa rubuta abin da yake yi da lokacin da ya yi shi.

Ranar Talata ƙarfe tara Auta ta ɗaura masa da hannunta. Ta ga gumi a goshinsa alhali ɗakin da sanyi, sai tausayi ya kama ta. Ta ce, "Yaya, kada ka jiƙa ta, kada ka cire ta. Ka yi harkarka yadda ka saba, gobe war haka ka dawo." Har ta ƙara masa filastoci biyar a aljihu, wai ko gumi zai ɓamɓare wani. Wannan alherin ne har yau in ta tuna take jin kamar ta mari kanta.

A makon nan ba a gida take kwana ba. 'Yarsu ta haihu, tana can wurinta, daga can take zuwa aiki. Yaya ya san da haka.

Ranar Laraba ya dawo da na'urar a cire, a naɗe cikin leda, ya ce ya ga aiki ya yi mata yawa shi ya sa ya sauƙaƙa mata. Alhamis da safe ta zauna gaban kwamfuta ta buɗe abin da magulmaciya ta kwaso.

Minti arba'in na farko yayanta ne, ga tamanin ɗinsa, ga ƙugiyarsa. Ƙarfe tara da arba'in zanen ya tsinke, minti goma sha ɗaya babu komai sai tarkace. Da zanen ya dawo, sai ga wata zuciya dabam, tana buga arba'in da takwas a minti, a natse, ba ta sauri ba ta gajiya. Ƙugiyar ta ɓace. Layi na uku ma a kife yake, alamar wanda ya manna wayoyin ya musanya biyu. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ba ta buƙaci a gaya mata ba: Yaya ya cire na'urar ya ɗaura wa wani mai lafiya don takarda ta fito fes. Ta taɓa jin raɗe-raɗin ana yin haka a wasu wurare, amma ba ta taɓa zaton a ɗakinta, da filastocinta, ɗan'uwanta na ciki ɗaya zai yi mata ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai.

Da fushin nan ta ci gaba da dubawa, don aiki aiki ne. Laraba ƙarfe shida da minti goma na safe, katin Yaya ya ce: zaune, ina shan shayi. Zuciyar kuwa gudu take yi, ɗari da hamsin, a tsare. Kwatsam sai zanen ya haukace. Manyan tuddai masu faɗi suka jero, ɗari biyu da ashirin a minti, daƙiƙa goma sha huɗu, sannan ya koma daidai. Bayan minti shida ya sake, wannan karon daƙiƙa ashirin. A duk shekarunta na aiki sau biyu ta taɓa ganin irinsa, kuma ɗaya daga cikin mutanen biyu bai ga ƙarshen watan ba.

Ta buga shafin, ta ninke wurin suna, ta kai wa Likita. Ya duba sau ɗaya ya ajiye biro.

"Na wane ne wannan?"

"Zan kawo maka sunansa yau," in ji ta.

"Ko na wane ne, kada ya ƙara hawa ko matakala ɗaya da sauri sai an kwantar da shi an bincika. Irin wannan, ranar da ta yi ta ƙi komawa, 'yan mintoci ne kawai. Kin fi ni sani."

Ƙarfe goma sha biyu ta sami Yaya a ɗakin hutun matuƙa yana hira, ta yafuto shi zuwa baranda. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, wa ka ɗaura wa?"

"Me kike nufi, Auta?"

"Shekara goma sha takwas ina kallon zuciyarka. Kayan aro ba ya rufe katara. Wa ka ɗaura wa?"

Ya waiga hagu da dama. "Rage murya mana. Ta fito da kyau ko ba ta fito ba?"

"Mutumin da ka ɗaura wa, mutuwa yake yawo da ita a ƙirji bai sani ba. In ya sake gudu ana iya ɗauko gawarsa. Ga takarda, duba da idonka."

Ta ga fuskarsa ta sauya. Ya dubi agogon hannunsa, wani babba irin nasu mai allurai da yawa, sannan ya ce, "Wayoyin ne ba su zauna daidai ba, shi ya sa. Ki goge, ki ce na'urar ta lalace, a sake ɗaura min. Mutumin kuma ni zan yi masa magana da kaina, a tsanake, ya je wani asibitin dabam."

"Yaushe?"

"Ki ba ni zuwa Litinin."

"Litinin! Zuciyar tasa ka yi shawara da ita ta ce za ta jira Litinin?"

"Auta, in na faɗi suna an gama da ni. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙi ko fenti ban taɓa kankare wa jirgi ba. So kike a kore ni kamar ɓarawo? So kike baƙin ciki ya kashe Inna?"

"Suna nake so, Yaya. Suna kawai."

Sai ya gyara tsayuwa ya koma Yayan gida. "Ke, ni na aurar da ke. Ba a ɗaga min murya a wurin aikina." Ya juya ya shige ya bar ta da takarda a hannu.

Ta koma ɗakinta tana huci. A ranta ta yanke cewa wani ƙaramin matuƙi ne, cikin waɗanda ba sa iya musa wa kyaftin. Ta sauko da fayil-fayil ɗinsu, talatin da 'yan kai, ta yi ta gwada zane da zane, ba ta ci abincin rana ba. Babu wanda ya dace. Wajen ƙarfe huɗu dabara ta faɗo mata: duk wanda ke gudu ƙarfe shida na safe a wajen nan, Koci ya san shi. Ta kira wayarsa bai ɗauka ba, da ma ba ya ɗauka, a aljihun wata rigar yake mantawa da ita. Ta san kafin ya tafi matakala sai ya biya gida ya sauya kaya, don haka ta tari tasi. Ko sau ɗaya wani tunani dabam bai zo mata ba, domin a kanta Koci da ciwo ba su taɓa zama wuri ɗaya ba.

Ta same shi a falo, takalman gudu a gabansa, yana cike gorar ruwa.

"A'a, kakar jariri! Yau an tuna da mu ke nan?"

"Bar wasa. Wa da wa suka bi ka gudu jiya da safe?"

"Jiya? Ni kaɗai. Ragwayen nan ai sai saura mako biyu."

Yana faɗa yana cire rigar da ke jikinsa don ya sa ta motsa jiki. Ya juyo zai ɗauki tawul, hasken taga ya sauka a ƙirjinsa. Wuri biyar an aske, aski na wanda bai iya ba, a karkace, ɗaya har da yankan reza. Kowane wuri da jan zobe na inda filasta ya kwana, ga sauran danƙo ya kama zaren riga. Biyu daga ciki ba a inda ya kamata suke ba.

Ta ƙura wa wuraren ido. Tsoro ne ya fara zuwa, amma bai daɗe ba fushi ya ture shi.

"Wa ya aske maka ƙirji?"

Ƙaton mutum, tsohon soja, sai ga shi yana rufe ƙirji da tawul. Ya sunkuyar da kai. "Yaya ne. Ranar Talata ya same ni a ɗakin motsa jiki ya rufe ƙofa, wallahi idonsa ya kawo ruwa. Ya ce kwana ɗaya kacal. Ya ce duk cikin waɗanda ya sani babu mai zuciya irin tawa. To ya zan yi? Mutumin da ya ba ni ke." Ya ɗago yana neman ta yaba masa. "Ban yi masa ha'inci ba kuwa. Har zagaye na ƙara jiya, don takardar ta fito da kyau."

Da tana da abin jifa a hannu da ta jefe shi. Ta ce, "Ƙarfe shida da minti goma, me ya same ka?"

Ya kau da kai.

"Magana nake maka!"

"Ɗan jiri ne. Na zauna a bakin kwalbati, ya wuce. Yunwa ce."

"Tun yaushe yake maka?"

"Wata uku. Ko huɗu."

"Wa ka gaya wa?"

Bai gaya wa kowa ba. Yana kwana da mai karanta zukata a ɗaki ɗaya, bai gaya mata ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: ya yi shekaru yana goge wa matuƙa gumi har dokarsu ta shige shi, shi da ba shi da ko takardar da za a ƙwace masa.

Ta shimfiɗa masa shafin a kan tebur, ta nuna masa tuddan da yatsa, ta faɗa masa abin da Likita ya ce ba tare da ta rage ko kalma ba. Ya kalla, ya gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin wani, sannan ya sunkuya ya jawo takalmi. "Mutum tara na jirana a matakala ƙarfe biyar. In na dawo sai mu zauna mu yi magana."

Ta fizge takalman, ta fita da su, ta tsunduma su cikin duron ruwan da ke bakin ƙofa. Ta dawo hannunta na ɗiga.

"Ina wayarka? Yaya ya kira ka yau?"

Ya lalubo ta a aljihun wata riga, ya duba. Kira ɗaya ne, nata. Ba wani kira, ba saƙo. Ta karɓa ta duba da kanta, don tana so ƙwarai a ce ta yi kuskure. Babu.

Ko a lokacin bai daina roƙo ba. Ya ce in suka je asibitin kamfani Yaya ya shiga uku, su je wani wuri su ce jiri kawai yake ji. Ta ce, "Da wace takarda? Shaidar ciwonka guda ɗaya ce a duniya, kuma sunan Yaya ke kanta. In ka je hannu rabbana, za su kalli shafaffen cikin nan, su auna ka na minti ɗaya, su ce lafiyarka ƙalau, gobe ka koma katanga. Tashi. A hankali kuma, ka yi min sauri ka gani."

Sun sami Likita yana shirin rufe ofis. Ta buɗe ninkin takardar a gabansa, ta ɗauki bironsa ta soke sunan yayanta, ta rubuta na mijinta. Ta faɗi komai, har da filastoci biyar da ta ƙara da hannunta, har da awannin da ta yi tana ɓoye suna. Kafin rana ta faɗi an kwantar da Koci a babban asibiti.

Kwana tara ya yi. Aka sami hanyar jini ɗaya ta kusa toshewa, da wani tsohon tabo a tsokar zuciya da ba wanda ya san ranar da ya same shi. Aka buɗe hanyar, aka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ƙasan wuya, wadda za ta dawo da zuciyar hanya in ta sake haukacewa. Gudun katanga ya ƙare. Yanzu a gindin matakala yake zama da usur da agogo, yana yi wa masu tumbi ihu.

Ita an ba ta takardar gargaɗi, ta karɓa ba ta yi musu ba. Yaya kuwa hukumar da ke ba matuƙa izini ta sa aka sake ɗaura masa magulmaciya, wani ma'aikaci dabam ya ɗaura, ya sa hannu a kan kowane filasta. Sakamako ya fito: tuntuɓen nan ba komai ba ne, irin wanda yawan kofi da ƙarancin barci ke kawowa. Amma an dakatar da izininsa saboda yaudara, kamfani kuma ya sallame shi ba biki ba jawabi.

Inna ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwar Auta. Ranar da ta buɗe baki cewa ta yi, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kin sauko da yayanki daga sama, hankalinki ya kwanta?"

Auta ta ce, "Inna, da na bar shi a can, da yanzu a gidana kike zaune kina karɓar gaisuwar mutuwa."

Bayan an sallamo Koci da mako guda, Yaya ya zo dubiya da ledar lemo da ayaba, tare da ƙannensa biyu. Koci ya yunƙura ya miƙe duk da ɗinki, bai zauna ba sai da Yaya ya zauna. Aka yi gaisuwa. Auta ta shiga ɗaki ta ɗauko kwafin sakamakonsa na gaskiya ta ajiye a gabansa.

"Ga taka, Yaya. Da ka bar na'urar a jikinka, da yanzu kana sama."

Bai taɓa takardar ba. Ya gyara murya ya ce, "To, komai da dalilinsa. Ni na rasa aikina, na haƙura. Amma in za a faɗi gaskiya, da ban ɗaura masa ba, wa zai gano ciwon? Da yana nan yana gudu har ya faɗi. Allah ne ya bi ta hannuna."

Ƙannen suka ce, haka ne wallahi. Koci ma yana gyaɗa kai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne maganar gaskiya ce, ta juya ta ta kowane gefe tun a asibiti ba ta sami ɓaraka ba.

Ta ce, "Haka ne, Yaya. Wannan na Allah ne, kuma na gode masa. Yanzu bari in faɗi naka." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya sa kowa ya natsu ke nan. "Ƙarfe goma sha biyu na gaya maka mutumin zai iya mutuwa in ya sake gudu. Ni ban san ko wane ne ba, kai ka sani. Ka san ƙarfe biyar yake hawa matakala, hawa bakwai sau biyar, don kai ma ka sha bin sa. A gabana ka duba agogo. Awa biyar sunansa yana bakinka, lambarsa tana aljihunka. Ba sai ka gaya min ba, ba sai ka gaya wa Likita ba. Kira ɗaya, ka ce masa yau ya huta. Na duba wayarsa da idona."

Koci ya daina gyaɗa kai. Ya juya a hankali ya dubi surukinsa, yana jira ya ce ya kira layi ne bai shiga ba, ko ya aika wani, ko ma mene ne. Yaya ya ɗora hannun dama a kan agogonsa ya rufe shi.

Can ya miƙe ya ce bari su koma. Ƙannen suka miƙe. Ya kai bakin ƙofa ya ɗan tsaya, kamar yadda ya saba tsayawa shekara ashirin da huɗu don a zo a raka shi mota. Koci yana zaune, hannunsa a kan ɗinkin ƙirjinsa, bai tashi ba.